Kwatancen Gidan Malam Isiya

Ko da zan kai shekara ɗari da hamsin, ko da sauran haƙoran nan nawa sun bi 'yan'uwansu, ba zan manta da ranar Larabar da Baba Akawu ya kira ni daga Kebbe ba. Kun san ni da ba'a, har wasunku na cewa ko a gidan makoki aka ajiye ni sai na sa wani murmushi. To ku bar ni in yi ba'ata tun daga farko, don can gaba ba za ta samu wurin zama ba. Ku kuma sababbin ma'aikata da kuke gunagunin wai Malam Bala ya cika sa mutum ƙirga layi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, labarin nan naku ne.

A lokacin ni ne jami'in bayanai a wani shirin yaƙi da tarin fuka, ciwon da muke ce wa tibi, ofishinmu yana Tambuwal. Shekarun da wayar salula ta fara shiga ƙauyuka ke nan, sai mutum ya hau tudu ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa kafin ta kama. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, maganin tibi wata shida ake shansa, kullum, babu fashi. In mutum ya sha wata biyu zai ji kamar ya warke, alhali ciwon lafawa kawai ya yi. In aka katse a nan yakan dawo, kuma da fushi yake dawowa.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kowane asibitin karkara yana da akawu mai shigar da majinyata a kwamfuta. Ƙarshen wata sai ya fitar da fayil na rubutu zalla, kowane mutum layi ɗaya, kowane layi gurbi tara: lamba, suna, shekaru, kwatancen gida, ranar fara magani da sauransu. A sa a filash, direba ya kawo mini, ni kuma in zuba a rumbun bayanai. Da damina hanyoyin bayan Kebbe kan yanke, don haka aka tsara cewa duk wanda ke zaune bayan fadama ba sai ya taso ba, za a kai masa magani har gida kowane wata. Daga rumbuna ake buga sunayen, mai sito ya ɗaure wa kowa ƙunshinsa, a damƙa wa Garba, ma'aikacin lafiyar da ke zagaye a kan mashin. Wanda ba ya cikin takardar Garba, babu ƙunshinsa. Shi ke nan.

Yanzu ga abin da ido ba ya gani. Kwamfuta ba ta san layi ya ƙare ba sai ta ga wata alama a ƙarshensa, alamar da ba ta bayyana a allo. Matsalar ita ce ba kowace na'ura ke sa iri ɗaya ba. Wasu alama biyu suke sawa a jere, wasu guda ɗaya. Fayilolin wani asibiti su zo da biyu, na wani su zo da ɗaya, kuma dole kafin zubawa ka gaya wa rumbu wace iri zai nema. Ni kuwa da wannan tumbin nawa da son zaman shan shayi, na gaji da duba kowane fayil. Sai na rubuta wani ɗan umarni na sa masa suna wanka. Duk fayil ɗin da ya shigo sai ya yi wanka, a mayar da duk alama biyu ta koma ɗaya, kowa ya zama ɗan gida guda. Na ƙara da cewa duk layin da gurabensa ba su cika tara ba, rumbu ya tsallake shi, don wasu akawuna kan bar layukan banza a ƙasa. Aikin wuni ya koma na minti biyar. Na yi ta yawo ofis-ofis ina cewa da a ƙasar Turawa nake da tuni an gina mini mutum-mutumi, sai dai siminti zai yi tsada kafin a gama cikin.

Akawun Kebbe shi ne Malam Umaru, kowa Baba Akawu yake ce masa. Ya kama aiki tun jihar tana sabuwa, zamanin da kuɗin mai ya sa kowane ofis ya samu sabuwar tafireta, kuma a kanta ya yi shekara sama da ashirin kafin a ajiye masa kwamfuta. Yadda yake dukan maɓallan nan, ina ce muku ana jinsa daga tashar mota. Nakan tsokane shi cewa kwamfutarsa ce kaɗai a jihar ke bukatar ɗori. Amma ban taɓa ganin mai tsantseni irinsa ba. A ƙauyukanmu babu lambar gida, sai kwatance, kuma wani akawun zai rubuta maka "Fakku, gidan liman" ya wuce. Baba Akawu kuwa, in mutum daga nesa yake, sai ya zaunar da shi ya tambaye shi hanya dalla-dalla, ya rubuta ta yadda ko makaho aka karanta wa zai isa.

Ranar Larabar, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ina zaune da kofin shayi wayata ta yi ƙara.

Na ce, "Baba, barka da hantsi. Tafireta ta kwana lafiya?"

Ya ce, "Bala, aje wasa. Akwai wani Malam Isiya da ni da hannuna nir rubuta, can wata tunga bayan Fakku. Yanzu Garba yab biyo ta nan, nit tambai shi jikin Malam, yac ce bai san shi ba."

"Baba, rumbuna ba shi cin mutane. In ba shi ciki, ba a zuba shi ba."

"Na zuba shi. Wata biyu yas sha magani nan gare mu, da ruwa yas sauka nic ce mashi kada shi sake tasowa, za a kai mashi har gida. Ni nif faɗa mashi, Bala. Duba mani."

Muryarsa ce ta sa na ajiye kofin. Na nemi sunan a rumbu, babu. Na ɗauko ainihin fayil ɗin Kebbe, wanda bai yi wanka ba, na nema. Ga shi nan, Isiya, da lambarsa da shekarunsa. Sai dai kwatancen gidansa ya sauka layi har sau biyu a cikin gurbinsa. Hannun Baba Akawu ya saba da tafireta, inda ƙararrawa kan kaɗa in an kai bakin takarda sai a ja hannun keken da ke ɗauke da takardar a sauko. Shi ma in rubutu ya kai bakin akwatin kwatance, sai ya sauka layi da kansa don ya yi kyan gani.

Wannan ba laifi ba ne, kuma ina so ku riƙe wannan. Na'urar Kebbe ta bambanta su sarai. Saukar da Baba ya yi cikin akwati alama ɗaya ta sa mata, ƙarshen bayanin mutum kuwa alama biyu. Da na ce wa rumbu kada ya yanke layi sai inda ya ga biyu, da Malam Isiya ya shiga lafiya da kwatancensa. Wankana ne ya goge bambancin. Bayan wanka duk alamomin sun zama iri ɗaya, rumbu ya ga gutsattsarin layi uku, babu mai gurbi tara, ya tsallake su duka.

Na buɗe saƙon da rumbu kan bari bayan kowace zubawa. An tsallake layi goma sha biyar. Na duba na watan da ya wuce, haka. Na wanda ya gabace shi, haka. Wata uku ina ganin wannan saƙo ina cewa layukan banza ne. Na zauna na harhaɗa gutsattsarin da hannu, suka tashi mutum bakwai. Dukkansu mutanen da suka fi kowa nisa da asibiti, don su ne Baba ya fi wahala a kan kwatancensu.

Na shiga wurin shugabarmu, wadda muke kira Dakta, da takardar a hannu. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun farkon damina, ranki ya daɗe."

"Sati nawa ke nan babu magani?"

"Wajen goma."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce a ɗaure ƙunshi bakwai, a ba ni mota da asuba.

Da muka isa Kebbe muka tarar Baba Akawu ya riga ya bi rajistar takarda. Huɗu daga cikin bakwai ɗin, da maganinsu ya ƙare suka ga shiru, sun ratso ruwa da kansu sun karɓa a asibiti. Biyu an aika wani ma'aikaci wajensu. Saura Malam Isiya, wanda ya fi kowa nisa, kuma babu wanda ya ji ɗuriyarsa.

Kafin mu tashi na zaunar da Baba na yi masa bayanin alamomin nan, don kada ya ɗora wa kansa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wanga ai hannun keke na. Guda ta mai da keke farkon layi, guda ta murɗa takarda sama. Su biyu na tun asali." A minti ɗaya ya fahimci abin da na yi wata shida ina taƙama da shi. Sannan ya ce, "Da nir rubuta 'bayan Fakku' kaɗai, da ya samu maganinai."

Na ce, "Da Garba bai gane gidan ba, Baba."

 Baba ya tashi ya fiddo tsohon mashin ɗinsa ya ce da shi za a tafi.

Garba ya goya ni. Mashin ɗin ya yi wani nishi da na hau, Garba ya ce da ya sani da ya ƙara iska. A wata rana da na ba shi amsa goma. Hanyar Fakku a wannan damina, akwai ramin da raƙumi zai shiga sai dai a hango tozonsa. Mun faɗi sau biyu, na rasa takalmi ɗaya a cikin laka, har yau yana can. Daga Fakku na zaro takardar da na buga ina karanta wa Garba kwatancen, layi uku kamar yadda rumbu ya yanka shi:

Daga Fakku a bi hanyar kudu, a wuce rijiyar da aka daina sha.

In an kai tsamiya biyu a bi hagu, kada a bi dama, akwai laka mai riƙe mashin.

Gida na ƙarshe mai rumbu uku, a tambayi Malam mai rubutun Alƙur'ani.

Ga rijiyar. Ga tsamiyoyin. Garba ya leƙa hannun dama ya ga lakar, ya girgiza kai. Ba mu tsaya tambayar kowa ba har ƙofar gidan. Tunda nake aiki ban taɓa ganin kwatance mai kyan wannan ba.

Tun kafin mu kashe mashin muka ga wata dattijuwa ta fito da tabarma tana shimfiɗawa a zaure. Matar Malam ce. Muka yi sallama, ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce, "Yau dai ku na. Kullum yaj ji ƙarar mashin bisa hanya sai shi ce a shimfiɗa tabarma, ga mutanen asibiti nan. In shimfiɗa, mashin shi wuce, in naɗe."

Garba ya ce, "Inna, mi as sa ba ku aiko ba?"

"Na ce a kai shi ga amalanke, yaƙ ƙiya. Yac ce dattijo ya ba shi magana, in yat tashi ya mai da shi maƙaryaci ke nan. Kuma abin da aka ba ka kyauta ba ka zuwa kana tambaya tai."

Baba Akawu yana tsaye, hularsa a hannu. Ban iya dubansa ba.

Malam bai iya fitowa ba, aka yi mana izini muka shiga ɗakinsa. Rajista ta ce shekarunsa hamsin da biyu, sa'ana ne kusan. Wanda na gani a kan gadon kara, da hannu ɗaya zan ɗaga shi, kuma wannan karon ba ƙari na yi ba. Akwai ƙwarya da toka a gefensa, tokar ta yi ja. Duk da haka shi ya fara gaisuwa.

Ya ce, "Malam Umaru, kun sha hanya. Na san kuna tafe. Ruwa na yat tsare ku."

Ga ƙofa a buɗe, ya ba mu uzuri da kansa. Baba ya buɗe baki, na riga shi. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ba ruwa ba ne. Ni ne. Sunana Bala, ni ke riƙe da sunaye a Tambuwal. Malam Umaru ya rubuta ka daidai. A hannuna bayaninka ya rabu uku, na'ura ta ajiye shi gefe, ni kuma ban duba ba."

Ya daɗe yana tari kafin ya samu numfashi. Ya ce, "Ya rabu ukku."

"E, Malam."

Ya nuna wata gafaka da ke rataye. Garba ya sauko da ita. Alƙur'anin da yake rubutawa ne da hannu, falle-falle ba ɗinki, kamar yadda malamanmu ke yi. Ya sa aka ɗaga falle ɗaya, ya nuna can ƙasa a kusurwa, inda wata kalma take ita kaɗai.

Ya ce, "Mu in munka kai ƙarshen falle, mukan aje kalmar farko ta falle mai zuwa nan ƙasa. Ko iska ya watse su, kowane shina kiran ɗan'uwanai. In munka gama kuma sai mu ƙirga." Ya huta. "Ku ba ku ƙirgawa?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba. Yana son sani ne kawai, kamar yadda mai sana'a kan tambayi mai sana'a. Ni da ban taɓa rasa amsa ba tun ina ɗan firamare, na ce, "Ban ƙirga ba, Malam."

Ya ce, "To a dinga ƙirgawa." Sannan ya ce wa matarsa a kawo wa baƙi fura.

Garba ya duba shi, ya ja ni waje ya ce ƙunshin da muka kawo ba zai wadatar ba yanzu, sai an kwantar da shi. Aka nemo amalanken shanu, muka shimfiɗa masa tabarmar nan, muka taka a ƙasa muna tura mashinan har inda mota ke iya zuwa. Da la'asar sakaliya aka ba shi gado a babban asibiti. Likitoci sun yi abin da za su iya. Kwana tara ya yi, ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Sauran biyun an same su da rai, aka sake musu magani daga farko.

Da aka zo rubuta rahoto, wani babba daga sama ya ba da shawarar a sa "kuskuren shigar da bayanai a Kebbe", tunda Baba Akawu saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, babu abin da zai rasa. Dakta ta turo mini takardar. Na goge layin, na rubuta abin da ya faru da sunana a kai. An ba ni takardar gargaɗi, an riƙe mini ƙarin girma shekara biyu. Ba na faɗa don a yaba mini ba. Wanda ya yi sati goma ana shimfiɗa masa tabarma ana naɗewa, shekara biyuna ba komai ba ce a gabansa.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne Baba Akawu. Na je Kebbe sau uku ina rantse masa cewa hannunsa bai yi laifi ba, na nuna masa na rushe wankan, yanzu ya sauka layi sau ɗari in ya ga dama. Ya ce ya ji. Amma fayil ɗin da ya aiko a watan da ya biyo baya, duk kwatancen kalma biyu ne, uku. "Bayan Fakku." "Kusa da dutse." Har ya yi ritaya bai sake rubuta doguwar hanya ba, kuma Garba ya sha ɓata a daji saboda haka. Ban sake tambayarsa lafiyar tafireta ba.

To ga dalilin dokokin nan nawa da kuke gani kamar mugunta. Kada ku taɓa alamar ƙarshen layi sai kun buɗe fayil kun ga wace iri ce, da inda take. Kada ku bar rumbu ya tsallake ko layi ɗaya a ɓoye, in ya ƙi karɓa ya tsaya cak, ku je ku ga ko wane ne. In akawu ya ce ya aiko mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, ku ƙirga ku ga ɗari biyu da goma sha huɗu sun shiga, sannan ku taɓa shayi. Kuma ku sani, a aikinmu wanda bayaninsa ya fi tsawo da wuyar sha'ani, sau da yawa shi ne wanda ya fi nisa, kuma shi ne mai kunyar da ba zai zo ya buga muku tebur ba.

Ranar sadakar uku mun koma tungar, ni da Baba da Garba. Bayan addu'a ƙanin Malam ya fito da gafakar yana nuna wa malaman da suka zo inda aikin ya tsaya, ko za a samu mai ƙarasawa. Ta biyo ta hannuna, na ɗaga fallen ƙarshe. Ya cika shi har ƙasa, rubutun ya ɗan karkace amma babu gyara ko ɗaya. A kusurwa ya ajiye kalmar falle mai zuwa. Na juya, babu komai a bayansa sai fatar gafaka.